Abin da takardar gwajin CD4 ba ta faɗa

Makonni biyu zuwa huɗu bayan ƙwayar HIV ta shiga jiki, mutane da yawa sukan kwanta da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon makogwaro da ciwon gaɓoɓi, kaluluwa ta fito a wuya da hammata, wani lokaci ƙuraje su feso a ƙirji da baya. A wajenmu sunan wannan ciwo zazzaɓin cizon sauro ko taifod, kuma maganinsu ake bayarwa. Ko an yi gwajin HIV na tsinke, wanda ke neman sinadarin kariya da jiki ke ƙerawa, sau da yawa ba zai nuna komai ba, domin jiki bai kai ga ƙera shi ba tukuna. Bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓin ya sauka, kowa ya ce magani ya yi aiki. Alhali a cikin waɗannan kwanaki ne aka yi ɓarna mafi girma a garkuwar jikin mutumin, kuma zazzaɓin da kansa saƙo ne na sinadaran da ake kira saitokin.

Saitokin ƙananan furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna. Wani na cewa a taru, wani a hayayyafa, wani a kashe, wani kuma a tsagaita. Abin da ya sa HIV ta bambanta da mura ko ciwon hanta shi ne, ƙwayar da take kamawa ita ce mai ba da umarnin, wato farar ƙwayar jini ta T mai ɗauke da alamar CD4 a bayanta. Bairos ɗin, wato ƙwayar cutar HIV, yana riƙe CD4 da furotin ɗinsa na gp120, sannan ya nemi ƙofa ta biyu, CCR5 ko CXCR4. Waɗannan ƙofofi ba don HIV aka yi su ba, wuraren karɓar saƙon saitokin ne masu kiran ƙwayoyi zuwa inda ake faɗa. A 1995 aka gano cewa saitokin uku, RANTES da MIP-1α da MIP-1β, suna hana HIV shiga ƙwaya, a 1996 kuma aka fahimci dalili: suna zama ne a kan CCR5 su toshe hanya. Kusan duk sabon kamu ta CCR5 yake farawa, kuma ƙwayoyin da suka fi ɗauke da CCR5 su ne waɗanda aka riga aka zaburar. Ke nan duk lokacin da jiki ya yi gangami don yaƙar bairos ɗin, ƙara masa abinci yake yi. Wannan shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

An san jerin yadda saitokin ke tashi a farkon kamu ne daga jinin masu sayar da ruwan jini a Amurka, waɗanda ake ɗibar jininsu akai-akai ana ajiyewa, har aka tarar wasu sun kamu a tsakani. Binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa bayan kimanin kwana 10 na shiru, da zarar bairos ya fara bayyana a jini, intaferon alfa da IL-15 ne ke fara tashi, su yi sama da sauri su sauko. IP-10 na biye da su da ƙarfi sosai. TNF alfa da MCP-1 suna tashi su daɗe ba su sauka ba. IL-6, IL-8, IL-18 da intaferon gama suna zuwa a hankali daga baya, haka IL-10, wanda aikinsa kwantar da tarzoma ne. Da aka kwatanta da masu sabon kamu na ciwon hanta nau'in B da C, ba a ga irin wannan guguwa ba. IL-6 da TNF alfa da IL-1 su ne ke taɓa cibiyar daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, daga nan zazzaɓi da kasala suke. Yawan bairos yakan kai ƙololuwa wajen mako na uku zuwa na huɗu, sau da yawa sama da miliyan ɗaya a mililita guda ta jini, kafin ƙwayoyin CD8 masu kisa su taso su danne shi zuwa wani matsayi da zai zauna a kai shekaru.

A wannan lokaci yawan ƙwayoyin CD4 na cikin jini, wanda shi ne gwajin CD4 ke ƙirgawa, yakan ɗan faɗi ya sake tashi, har ya yi kama da lafiyayye. Amma jini ƙaramin kaso ne kawai na fararen ƙwayoyin jiki ke yawo a cikinsa. Mafi yawansu suna cikin kaluluwa, saifa da bangon hanji, kuma a hanji ne ƙwayoyin CD4 masu CCR5 suka fi cunkushewa. Cikin makonnin farko akasarinsu ke mutuwa. Daga cikin waɗanda suka fi shan kashi akwai nau'in Th17, masu fitar da IL-17 da IL-22, saitokin ɗin da ke kula da ɗinkin ƙwayoyin bangon hanji da kuma kiran masu cinye bakteriya. Idan suka tafi, bangon ya zama kamar rariya. Gutsattsarin bakteriyar hanji, musamman wani sinadarin fatarsu mai suna LPS, sai su riƙa tsiyaya cikin jini. Jason Brenchley da Daniel Douek da abokan aikinsu ne suka nuna haka a 2006. Ƙwayoyin monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, suna ganin LPS su fusata, su zubar da alamar CD14 cikin ruwan jini, su fitar da IL-6 da TNF alfa. Shi ya sa narkakken CD14 ya zama ma'aunin yoyon hanji da fushin monosait, kuma an ga masu yawansa sun fi saurin mutuwa ko da CD4 ɗinsu ɗaya da na wasu.

Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masana: ƙwayoyin CD4 da bairos ke hayayyafa a cikinsu ba su da yawa, to me ke kashe sauran? Wani ɓangare na amsar ya fito daga ɗakin binciken Warner Greene a San Francisco tsakanin 2010 da 2014. A cikin naman kaluluwar makogwaro da na saifa da suka raina a ɗakin gwaji, fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin CD4 da suka mutu ba su haifi bairos ko ɗaya ba. Ƙwayoyi ne masu hutawa, bairos ya shiga, ya fara kwafar kansa ya kasa ƙarasawa. Guntayen DNA da ya bari sai wani mai gadi a cikin ƙwayar, IFI16, ya gano su ya tayar da sinadarin kasfes-1, ƙwayar ta fashe ta watsar da IL-1β. Mutuwa ce mai ƙara, ba irin ta shiru da ƙwayoyi ke yi kullum a jiki ba. IL-1β ya kira sababbin ƙwayoyi zuwa wurin, su ma su faɗa tarkon. A hankali TGF beta, wanda ake fitarwa don kwantar da kumburin, wato wannan tarzomar da garkuwar jiki ke tayarwa, yana sa tabo ya taru a cikin kaluluwa, ya toshe hanyar da sababbin ƙwayoyin T ke samun IL-7 da suke rayuwa da shi. Wannan tabo na daga dalilan da ke sa wanda ya fara magani a makare CD4 ɗinsa ya ƙi cika ko bayan shekaru.

Hujja mafi ƙarfi cewa kumburin ne ke kisa ta fito ne daga birai. Birin mangabe mai launin toka na dazukan Afirka ta Yamma, wanda daga gare shi HIV-2, nau'i na biyu na HIV, ta samo asali, yana ɗauke da bairos ɗin SIV, ɗan'uwan HIV a birai, mai yawa a jininsa tsawon rai, amma da wuya ya yi ƙanjamau. Idan aka sa irin wannan bairos a birin makak na Asiya, sai ya rame ya mutu. Dukansu suna yin guguwar intaferon a farko. Bambancin shi ne birin Afirka yana kashe wutar cikin makonni kaɗan, ƙwayoyin Th17 na hanjinsa suna nan, bangon bai yoyo. Na Asiya kuwa, kamar ɗan Adam, wutar ci gaba take yi. Tun shekarun 1990 Janis Giorgi ta jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta nuna cewa yawan alamar CD38 a kan ƙwayoyin CD8 yana hasashen saurin tsanantar cuta, har ya fi yawan bairos iya hasashe a masu ciwon da ya yi nisa. Yau CD38 tare da HLA-DR su ne ma'aunin zaburar ƙwayoyin T da masu bincike ke amfani da shi. Ƙwayar da aka daɗe ana zabura kuma gajiya take yi: ta fito da alamar PD-1, ta daina fitar da IL-2, daga baya TNF alfa, a ƙarshe ko intaferon gama ya gagare ta. A 2006 aka tabbatar da wannan a ƙwayoyin CD8 masu yaƙar HIV.

To me ya sa ba a bai wa marasa lafiya saitokin ɗin da ke ƙara CD4 kawai a huta? An gwada, kuma darasin da aka samu ya cancanci kowane ma'aikacin lafiya ya san shi. A manyan gwaje-gwaje biyu, ESPRIT da SILCAAT, da suka haɗa mutum kusan 5,800, an ƙara wa rabi allurar IL-2 a kan maganin HIV. Sakamakon ya fito a 2009. CD4 ya tashi da gaske, da kimanin ƙwaya 159 a maikurolita ta jini a ESPRIT da 53 a SILCAAT sama da na waɗanda ba a yi wa allurar ba. Amma cututtukan da ke cin gajiyar raunin garkuwa ba su ragu ba, mutuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙarin munanan illoli a ESPRIT. Ƙwayoyin da IL-2 ya hayayyafa da yawansu masu kama da nau'in kwantar da garkuwa ne, ba mayaƙa ba. Lamba ta ƙaru a takarda, mutum bai ƙaru da komai ba.

Gwajin SMART ya zo da darasin ta ɗaya gefen. An raba mutum 5,472 gida biyu: wasu su sha magani ba tsayawa, wasu su ajiye idan CD4 ya wuce 350, su koma idan ya sauka ƙasa da 250. Tunanin shi ne a rage illar magani da kuɗinsa. A Janairun 2006 aka dakatar da gwajin, domin masu hutun magani sun fi mutuwa, kuma akasarin mutuwar ba ta cututtukan ƙanjamau ba ce, ta zuciya ce da hanta da ƙoda da kansa. Da aka koma kan jinin da aka ajiye, sai aka ga IL-6 da D-daima, alamar daskarewar jini, suna da alaƙa mai ƙarfi da mutuwa, kuma suna tashi cikin wata guda da ajiye magani. Gwajin START na 2015, a kan mutum 4,685 masu CD4 sama da 500, ya nuna fara magani nan take ya rage munanan cututtuka da mutuwa da kashi 57 cikin ɗari. A 2015 ɗin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani ba tare da jiran CD4 ya faɗi ba, Nijeriya ta bi sahu a 2016. Saboda haka wanda ya ce wa mai shan magani tunda CD4 ɗinka ya yi kyau kana iya hutawa, ya cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Magani yana rage wutar sosai amma ba ya kashe ta ƙurmus. Ko bairos ya daina ganuwa a jini, IL-6 da narkakken CD14 sukan zauna sama da na wanda bai kamu ba. Bairos ɗin da ke ɓoye a ƙwayoyi masu hutawa, hanjin da bai gama warkewa ba, da bairos ɗin CMV da kusan kowane baligi a Afirka ke ɗauke da shi, duk suna hura ta. A ƙasashenmu ana ƙara tarin fuka, ciwon hanta nau'in B, da zazzaɓin cizon sauro wanda ke ɗaga yawan HIV na ɗan lokaci a jinin wanda ba ya kan magani. Ma'auni mafi arha na wannan ragowar kumburi yana nan a takardar da ake riga ana bugawa idan na'urar tana ƙirga CD8: a raba CD4 da CD8. A lafiyayye amsar takan wuce 1. Mai shan magani da CD4 ɗinsa ya kai 600 amma rabon ya tsaya ƙasa da 0.4, garkuwarsa ba ta huce ba, kuma ya fi buƙatar a sa ido kan hawan jini, sukari, kitsen jini da taba sigari. A 2023 gwajin REPRIEVE, mai mutum 7,769 'yan shekara 40 zuwa 75, ya nuna cewa fitabastatin, maganin rage kitsen jini, miligiram 4 kullum ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu da kashi 35 cikin ɗari, ragin da ya fi abin da saukar kitsen jini kaɗai zai bayyana.

Inda sanin saitokin ya fi shafar aikin yau da kullum a gadon asibiti shi ne ciwon farfaɗowar garkuwa, wanda likitoci ke kira IRIS. Mutum ya zo da CD4 ƙasa da 100, da tarin fuka ko ƙwayar fangas ta kiriftokokas a jikinsa, garkuwar ta yi rauni har ba ta iya yin kumburi a kansu. Aka fara maganin HIV, bairos ya faɗi warwas cikin makonni biyu, ƙwayoyin T suka dawo suka tarar da gida cike da abokan gaba. Intaferon gama da IL-6 da TNF alfa da IL-18 su tashi lokaci guda. Zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta kumbura har ta yi ruwa, hoton ƙirji ya fi na da muni. 'Yan uwa su ce maganin ne bai karɓe shi ba, a ajiye, wanda shi ne kuskure mafi haɗari. Abin yi shi ne a tabbatar ba wata sabuwar cuta ba ce ko tarin fuka mai bijire wa magani, a ci gaba da magungunan biyu, a ƙara faradinison, maganin sitiyarod mai kwantar da kumburi, idan ya tsananta. A gwajin PredART da aka yi a Khayelitsha ta Afirka ta Kudu, an ba masu tarin fuka da CD4 na 100 ko ƙasa faradinison miligiram 40 kullum na kwana 14, sannan 20 na wasu kwana 14, daga ranar fara maganin HIV. IRIS ya sauka daga kusan kashi 47 zuwa kusan 33 cikin ɗari. Ba a ba mai kansar Kaposi wannan magani, domin yana iya rura ta.

A ƙwaƙwalwa lissafin ya sha bamban, domin ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Gwajin COAT a Yuganda da Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa masu sanƙarau na kiriftokokas da aka fara wa maganin HIV cikin mako ɗaya zuwa biyu, kashi 45 cikin ɗari sun mutu cikin mako 26, waɗanda aka jinkirta wa zuwa mako biyar kuma kashi 30. Abin lura, waɗanda ruwan lakarsu ba shi da fararen ƙwayoyi kusan sam, su ne suka fi shiga haɗari. Rashin kumburi a farko alama ce ta cewa fangas ya yi yawa ba mai tare shi, kuma guguwar da za ta biyo baya za ta fi ƙarfi. Don haka ƙa'ida ita ce a jira mako 4 zuwa 6 a sanƙarau na kiriftokokas, mako 4 zuwa 8 a sanƙarau na tarin fuka, amma a tarin fuka na huhu a fara cikin mako biyu. Wannan ne ma dalilin da gwajin CD4 bai mutu ba duk da ana ba kowa magani. Ƙasa da 200 na nufin cuta ta yi nisa, a nemi tarin fuka har da gwajin fitsari na LAM, a gwada jini don alamar kiriftokokas musamman idan ƙasa da 100 ne, kafin a miƙa kwalbar magani.

Duk waɗannan lambobi kuwa darajarsu tana hannun wanda ya ɗebi jinin. CD4 a kwalba mai murfi shunayya ta EDTA ake ɗiba, a juya ta a hankali sau takwas zuwa goma, a ajiye a zafin ɗaki, a gwada cikin kwana biyu. Ba a sa shi a firiza, ba a barin shi a mota cikin zafin watan Afrilu da ya haura digiri 40, domin ƙwayoyin mutuwa suke yi lambar ta faɗi ƙarya. A lafiyayyen baligi ana samun 500 zuwa 1,500 a maikurolita, amma lambar na sauka wajen tsakar rana ta tashi da dare, zazzaɓi ko tiyata ko magungunan sitiyarod su saukar da ita, cire saifa ko kamuwa da bairos ɗin HTLV-1 su ɗaga ta ba tare da ƙarin kariya ba. Sauyin da bai kai kashi 30 cikin ɗari na lambar ba, ko maki 3 a kason CD4, wato kashi nawa cikin ɗari na fararen ƙwayoyin limfosait ne CD4, bai isa a tayar wa mutum da hankali ba. Kason ya fi lambar tsayuwa: kashi 14 cikin ɗari ya yi daidai da kimanin 200, kuma a yara 'yan ƙasa da shekara biyar shi ne abin dubawa. Jinin auna yawan bairos kada ya shiga kwalbar hefarin mai koren murfi, domin hefarin na hana gwajin PCR, wanda da shi ake auna bairos, aiki. D-daima yana buƙatar kwalba mai shuɗin murfi da aka cika daidai layi, kashi tara na jini da ɗaya na sitiret, idan ba ta cika ba sakamakon ya gurɓata.

Saitokin sun fi duka wuyar sha'ani. Yawansu a jini fikogiram ne a mililita, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram, kuma wasu cikin mintuna ko 'yan sa'o'i suke gushewa. Idan jini ya zauna a kan tebur ba a raba shi ba, fararen ƙwayoyin cikin kwalbar suna ci gaba da fitar da IL-8 da wasunsa, sai a auna abin da ya faru a kwalba a ɗauka na jikin mutum ne. A juya shi a na'urar rabawa cikin awa ɗaya zuwa biyu, a kasa ruwan jinin ƙananan kwalabe, a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifiri. Kowace narkewa da sake daskarewa tana rage wasu, don haka firizar da wuta ta ɗauke mata dare guda ba tare da janareta ya tashi ba tana iya lalata aikin shekara, kuma dole a riƙe rijistar zafin firiza kullum. Sakamakon na'urar ELISA mai auna saitokin ta wani kamfani ba a kwatanta shi kai tsaye da na wani ko da na'urar da ke auna saitokin da yawa lokaci guda. Babu kuma wata lambar IL-6 ko CD14 da aka amince cewa daga nan za a sauya wa mai HIV magani. Kayan bincike ne da ke bayyana halin dubban mutane, shi ya sa bai dace a tura mara lafiya ya kashe kuɗin abincinsa a kansu ba. A asibiti abin da ke sauya hukunci shi ne yawan bairos a wata na 6 da na 12 sannan duk shekara, CD4 a ranar farko ko ranar da mutum ya dawo bayan ya bar magani, da CRP mai arha, gwajin alamar kumburi a jini, idan ana zargin tarin fuka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021 a matsayin gwajin tantancewa ga manya masu HIV, inda aka sa iyaka a miligiram 5 a lita.